Sawyer Squeeze a bakin kogi: abin da take tarewa da abin da ke wuce ta

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma wannan lissafin shi ke hana duk mai niyyar goya jaka ya taka zuwa wani ƙauyen bakin kogi, inda mota ba ta kaiwa, ya ɗauki ruwan shansa tun daga gida. Mai tafiyar ƙasa da kaya a baya yana shan lita 3 zuwa 4 a yini, idan ana zafi ya fi haka. A haɗa da na shayi, na girki da na wanke baki, mutum biyu za su cinye lita 10 a rana ba tare da almubazzaranci ba. Kwana huɗu lita 40 ke nan, nauyin da ya ninka na jakunkunansu duka biyun. Dole dai a sha daga kogin, abin da ya rage shi ne da me za a gyara ruwan.

Sawyer Squeeze na cikin matatun ruwa da masu irin wannan tafiya suka fi ɗauka, kuma ba banza ba. Ba ta da nauyi, ba ta da batir, babu wani abu mai motsi a cikinta da zai karye, sannan ana iya wanke ta a dawo da ƙarfinta a wurin. Sai dai sunan da ta yi, a ƙoramun kan dutse ta yi shi, inda ruwa yake garau kuma babu mutane a kusa. Kogin da ya ratsa ƙauyuka wani abu ne daban: yana ɗauke da laka, yana kuma ɗauke da abin da ya fito daga jikin mutane. Hukuncinmu a taƙaice shi ne ta cancanci saye, amma a irin wannan wuri rabin aikin kawai take yi, wanda kuwa ya ɗauke ta a matsayin aikin duka zai iya kammala hutunsa a kwance da ciwon ciki.

Ita kanta matatar wani ɗan baƙin bututun roba ne da ya cika tafin hannu, nauyinta kusan giram 85. Gindinta na da bakin murɗawa mai faɗin milimita 28, irin na yawancin robobin lemo da na ruwa, da wani farin zoben roba a ciki mai hana yoyo. Samanta kuma akwai murfin sha da ake ja a buɗe, a danna a rufe. Abin da ke cikin kwali yana bambanta da irin kunshin da aka saya, amma galibi akwai jakunkunan leda masu kauri da kowacce ke cin kusan lita ɗaya, da babban sirinji marar allura na wanki, da ɗan shuɗin zobe mai haɗa bakin matatar da bakin roba, wani lokaci har da tiyo. Kamfanin na Amurka ne, yana jihar Fulorida. Aikin ba shi da wuya: a cika jakar da ruwan kogi, a murɗa matatar a bakinta, a kifa, a matsa, ruwa mai tsabta ya fito ta sama.

A cikinta akwai damin siraran zaruruwa masu rami a tsakiya, an lanƙwasa su kamar harafin U. Bangon kowane zare cike yake da ƙofofin da babu wadda ta wuce maikron 0.1, wato kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita. Ruwan da aka matsa yana ratsa bangon ya shiga cikin zaren ya fita, duk abin da ya fi ƙofar girma ya tsaya a waje. Wanda ya san girman ƙwayoyin cuta ya gama sanin iyakar wannan matatar. Jiyadiya, mai sa gudawa da kumburin ciki na makonni, tana kai maikron 8 zuwa 14. Kiriftosforidiyum, wata ƙwayar cutar mai sa gudawa, maikron 4 zuwa 6. Bakteriyar kwalara, ta taifot da sauran danginsu suna tsakanin rabin maikron da ƴan maikron kaɗan. Duk waɗannan ba su da hanyar wucewa, kuma kamfanin yana cewa tana cire kashi 99.99999 cikin ɗari na bakteriya da 99.9999 na irin su jiyadiya.

Bairos ne ba ya cikin lissafin. Na ciwon hanta nau'in A bai wuce maikron 0.03 ba, norobairos mai sa amai da gudawa shi ma kusan haka, rotabairos kuwa wajen 0.07. Ƙofar 0.1 a wurinsu ƙofar gari ce a buɗe. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, amma masu yabon matatar sukan tsallake shi, domin a dajin da babu kowa ba kasafai yake zama matsala ba. Waɗannan ƙwayoyin daga bayan gidan mutum suke fitowa su koma cikin wani mutum. Inda duk aka ce ƙauye a bakin kogi, akwai wani ƙauyen a samansa, akwai wurin wanka da wanki, akwai masai da ruwan sama ke wankewa ya gangaro. Ganin mutanen wurin suna sha ba ya zama hujja ga baƙo, domin wasu cututtukan sun riga sun yi su tun suna yara jikinsu ya saba, wasu kuma suna fama da su ne baƙon bai sani ba.

Gyaran wannan giɓi mai sauƙi ne, nauyinsa kuma bai kai giram 10 ba: ƙwayar kulorin, irin su Aquatabs. A tace ruwan tukuna, sannan a jefa ƙwayar, a jijjiga, a jira minti 30. Girman ƙwayoyin ya bambanta, akwai ta lita ɗaya, akwai ta jarka guda, saboda haka a karanta takardar a san wadda ke hannu. Idan babu ƙwayar, bilic marar ƙamshi mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari yana yi, ɗigo 2 a lita. Bayan rabin awar ya kamata a ji ɗan warin kulorin sama-sama. Idan babu shi kwata-kwata, dattin ruwan ya cinye maganin, sai a maimaita a ƙara jiran minti 15. Kafin a fara ƙirga lokaci, a ɗan sassauta murfin robar a kifa ta har ruwan maganin ya jiƙa bakin, tun da nan ne leɓe zai taɓa.

Haɗin nan biyu kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Kulorin yana kashe bairos da bakteriya cikin sauƙi amma kusan ba ya yi wa kiriftosforidiyum komai, saboda taurin ɓawonta. Matatar kuwa tana kama kiriftosforidiyum cikin sauƙi. Dalilin fara tacewa kafin sa magani shi ne kulorin yana ƙarewa a kan laka da ruɓaɓɓen ganye kafin ya kai ga ƙwayar cuta, kuma ƙwayoyin kan ɓuya a jikin lakar. Tafasawa ita kaɗai tana gamawa da su duka: minti ɗaya ruwa na ɓalɓala, minti uku idan wurin ya haura mita 2,000 a tudu. Amma tafasa lita 10 kullum yana cin gas ko itace mai yawa, sannan a zauna jiran ya huce. Ruwan shayi da na girki da zai tafasa ba ya buƙatar ƙwaya, wannan ma ragi ne a lissafi.

Inda Squeeze ke shan wuya da gaske shi ne laka. Adadin da ake yawan rubutawa a kanta lita 1.7 ne a minti, kuma da sabuwa a ruwan famfo za a ga abin da ya kusa haka. A jan ruwan kogi bayan an yi ruwan sama, lita biyu ko uku sun isa su mayar da ita tana ɗiga kamar hawaye. Ƙwayar yumɓu ƙanana ce ƙwarai, ƙasa da maikron 2, ba ta saurin kwanciya, tana zuwa ta shafe bangon zaruruwan kamar yaɓe. A nan ne yawancin mutane ke yin kuskuren farko, su ƙara ƙarfin matsi. Matsin yana ƙara danƙare lakar a jikin zaren, ya kuma fasa jakar. Duk minti ɗaya da aka kashe wajen rage lakar kafin ruwan ya shiga matatar yana rage wahalar matsa da wanki.

Abu na farko shi ne wurin ɗiba. A hau sama da ƙauyen, ta inda ruwan ke gangarowa, a wuce mashayar dabbobi da wurin wanki. A nemi inda ruwa ke tafiya amma ba ya tumbatsa, a miƙa hannu nesa da gaɓa, a ɗiba daga ɗan ƙasa da saman ruwan, kamar zurfin tafin hannu. Saman yana ɗauke da ganye, ƙura da maiƙo, ƙasan kuma laka ce da ƙafa ɗaya ke tayarwa. Idan akwai ƙaramar ƙorama mai shigowa kogin daga gefen da babu gidaje ko gonaki, kusan kullum ta fi babban kogin tsabta, ko da za a yi tafiyar minti goma zuwa gare ta. A tambayi masu wurin inda suke ɗibar na sha. Idan suna da rijiya ko idon ruwa, a nemi izini a ɗiba can, amma shi ma a tace shi a sa masa ƙwaya.

Inda gaɓar yashi ce, akwai dabarar da ta fi kowace arha. A haƙa rami kamar taku ɗaya ko biyu daga bakin ruwa, a yi ta haƙa har ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Na farkon zai zo a dame, a kwashe shi a zubar sau biyu ko uku, sannan a bar ramin ya cika a hankali. Yashin ya riga ya tare mafi yawan lakar, abin da zai taru sau da yawa garau yake. A ɗiba da kofi a hankali kada gefen ramin ya rufta. Wannan ruwan bai zama na sha ba tukuna, amma matatar za ta yi kwanaki a kansa ba ta toshe ba.

Inda babu yashi, sai kwantarwa. Bokitin yadi mai naɗewa na lita 10 ya cancanci gurbinsa a jaka saboda wannan kaɗai. A cika shi da yamma, a rufe, a bar shi ya kwana. Da safe a tsiyaye na saman da kofi ba tare da an motsa bokitin ba, a bar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa. Wanda ya zo hutawa na kwanaki yana da lokacin wannan, abin da mai wucewa ba shi da shi. Idan yumɓun irin mai taurin kai ne da ba ya kwanciya ko ya kwana, alam ne maganinsa, wanda wasu ke kira alif. Kashi ɗaya cikin takwas zuwa ɗaya cikin huɗu na ƙaramin cokali na garinsa ya ishi lita 4. A zuba, a juya da ƙarfi na minti ɗaya, a ci gaba da juyawa a hankali na minti biyar, a bar shi rabin awa. Alam yana sa ƙananan ƙwayoyin su manne da juna su yi curi-curi su nitse. Juyawar a hankali ita ake yawan tsallakewa, alhali ita ke ba curin damar girma. Kada a cika hannu, yawansa yana sa ruwan ɗanɗanon bauri. Tacewa da ƙyalle, wadda kowa ke fara tunawa, tana tare ganye, yashi da ƙwari ne kawai, yumɓu yana wucewa abinsa. Duk da haka a yi ta, ba ta cin komai.

Ko an yi duk wannan, za ta rage gudu, kuma a nan ne Squeeze ta fi wasu kishiyoyinta, domin ana tura mata ruwa ta baya. A cire murfin sha, a cika sirinjin da ruwan da aka riga aka tace, a danna bakinsa a kan ɗan hancin da ruwa ke fita, a juya gindin matatar nesa da jiki, a tura da ƙarfi lokaci guda. Turawar farko ita ce mai muhimmanci. Idan aka yi ta da sanyin jiki, ruwan zai buɗe hanya ɗaya ta inda ya fi sauƙi, duk sauran turawar kuma ta nan za su bi su bar ragowar zaruruwan a toshe. A maimaita sau biyar ko shida har abin da ke fitowa ya daina launi. Ɗan bubbuga gefenta a tafin hannu tsakanin turawa yana sakin lakar da ta kama. A ruwan kogi a yi wannan kowace yamma, kada a jira sai ta tsaya, domin lakar da ta kwana ta fi wuyar fita. Wanda ba ya son ɗaukar sirinji zai iya haɗa robar ruwa mai tsabta da shuɗin zoben nan ya matsa ta baya. Yana yi, amma ƙarfinsa bai kai na sirinji ba, kuma ga tafiyar da aka san ruwanta mai laka ne, barin sirinjin a gida don a rage ƴan giram ganganci ne. A riƙa ajiye rabin lita na tataccen ruwa a gefe saboda wankin. Matatar da ta toshe gaba ɗaya ba za ta ba da ruwan da za a wanke ta da shi ba.

Jakunkunan da ke zuwa da ita su ne mafi rauni a kunshin. Suna fashewa a ɗinkin da ke kusa da wuya, musamman idan ana murɗe su kamar mai matse wanki ko ana kama su ta wuyan. Hanyar da ta fi ita ce a naɗe jakar daga gindi a hankali kamar yadda ake yi wa man goge baki. Cika su ma aiki ne: bakin ƙarami ne, jakar kuma a shafe take, idan aka nitsa ta a ruwan da ba ya gudu babu abin da zai shiga. Sai an hura mata iska tukuna, ko a yanke gindin wata tsohuwar roba a mai da shi moɗa. Shi ya sa da yawa ke ajiye su su sayi jakar CNOC Vecto ta lita 2, wadda gindinta ke buɗewa gaba ɗaya a kamfaci ruwa lokaci guda, bakinta kuma milimita 28 ne. A lura, akwai irinta mai bakin milimita 42, wannan ba za ta hau Squeeze ba. Robar lemo ta yau da kullum ma tana aiki, sai dai ba kowacce ce bakin murɗawarta ke zama daidai ba, a gwada a gida. Ita roba ba ta shafewa kamar jaka, saboda haka bayan kowace matsa sai an ɗan kwance matatar iska ta shiga ta dawo da siffarta.

Farin zoben robar nan kuwa, ƙaramin abu ne mai iya ɓata tafiya. Idan aka ɗaure matatar da ƙarfi fiye da kima yana lanƙwashewa, ko ya manne a bakin jakar ya fito tare da ita ya faɗa ruwa ba a gani ba. Da zarar babu shi, ruwan datti zai riƙa tsartuwa ta gefen bakin murɗawar ya gangara jikin matatar har cikin robar sha. A ɗaure iya inda ta tsaya, kada a ƙara. A duba zoben duk lokacin da aka kwance, a kuma ɗauki guda biyu na ko-ta-kwana a cikin kayan magani.

Ga wanda zai zauna wuri ɗaya kwana uku ko huɗu, matsa lita 10 da hannu kullum ba hutu ba ne. A rataye jakar datti a reshe, matatar a ƙasanta, a haɗa robar sha da shuɗin zoben, a bar nauyin ruwan ya yi aikin. Idan ya fara ya tsaya, iska ce ta rasa mafita daga robar ƙasa, a ɗan sassauta zoben rabin juyi. Sa tiyo na mita ɗaya tsakanin jakar da matatar yana ƙara gudun sosai, domin tsawon ruwan da ke sama shi ne matsin. Wannan hanyar ta fi tausaya wa jaka, kuma mutum zai iya barin ta ya je ya shimfiɗa tabarmarsa.

Cutar da ake ɗora wa matatu sau da yawa daga hannu ta fito. Wanda ya nitsa jaka a kogi, hannunsa da bayan jakar duk ruwan kogi ne. Idan ya kifa ta a kan robar sha ba tare da ya goge ba, ɗigon da ke bin jikinta zai shiga, an gudu ba a tsira ba. A goge jakar da wani ƙyalle da aka ware don haka, a karkata ta gefe yayin matsawa maimakon a tsaye a kan baki, a rufe hancin fita duk lokacin da ba a aiki da shi. A yi wa jakar datti alama da ba za ta goge ba, kada ta taɓa ɗaukar ruwa mai tsabta. Sirinjin ma a leda daban. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, don babu matatar da za ta yi wa mutum wannan.

Babban aibinta, a ganinmu, shi ne tana iya lalacewa ba alama. Da zarar an fara aiki da ita, ruwa ba ya ƙarewa a cikin zaruruwan. Idan sanyi ya kai na ƙanƙara, ruwan zai kumbura ya tsaga su, daga waje kuma babu abin da zai nuna, sai ma ta ƙara gudu mai ita ya yi murna. Kamfanin da kansa ya ce wadda ake zargin ta daskare a canza ta. A wuri mai irin wannan sanyi, a sa ta a leda a kwana da ita cikin bargo. Faɗuwa mai ƙarfi a kan dutse ma abin zargi ce. Platypus QuickDraw ta fi ta a nan, domin tana da hanyar gwaji da mai ita zai yi ya gane ko zaruruwan sun tsage. Game da daɗewa kuma, alƙawarin cewa za ta yi wa mutum har abada a ɗauke shi da taka-tsantsan. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan matatun PointONE na kamfanin, masu irin wannan zare, da aka yi kusan shekara biyu ana aiki da su a gidaje a Honduras, ya samu datti ya danƙare su kuma tacewarsu ta ragu. Kamfanin ya ƙalubalanci yadda aka yi binciken, matatun da aka gwada ma ƴan kaɗan ne. Mai tafiyar kwana huɗu bai kusa irin wannan aiki ba, amma wadda ta shekara biyar tana shan laka ba a ɗauke ta kamar sabuwa ba.

Akwai kuma abin da ba aikinta ba ne sam. Duk abin da ya narke a ruwa yana wucewa: maganin feshi da takin gona, gishiri, ƙarafa masu guba irin su dalma da makuri da ke fitowa daga wuraren haƙar ma'adinai, da gubar koren gansakukar da ke rufe ruwan da ya tsaya. Kulorin da tafasawa su ma ba sa cire waɗannan. Idan akwai haƙar ma'adinai ko masana'anta a saman kogin, ko ruwan ya yi kore kamar an zuba fenti, a nemi wani ruwan kawai. Ba ta gyara ɗanɗano ko wari, tun da babu gawayi a cikinta. Sannan a yankunan da ake da tsargiya, cutar ta fata take shiga, daga tsutsar da katantanwar ruwa ke saki. Mutum zai iya tace ruwan shansa sarai ya kwaso ta wajen iyo ko wajen tsayawa cikin ruwa yana cika jaka. A irin wannan wuri a ɗiba daga kan dutse ko kwalekwale, ruwan wanka kuma a bar shi a bokiti kwana biyu, tsutsar ba ta wuce haka da rai.

Idan aka jera ta da sauran, ƙanwarta Sawyer Mini ta fi sauƙi da kusan giram 30 amma zaruruwanta kaɗan ne, tana saurin toshewa, ba ta dace da kogi ba. Katadyn BeFree tana da daɗin sha da saurin gudu tana sabuwa, sai dai wankinta jijjigawa ce a ruwa, ba a tura mata ta baya, idan laka ta kama ta da wuya ta dawo, kamfaninta kuma ya ce kusan lita 1,000 take tacewa kafin a canza ta. Grayl GeoPress tana cire bairos, tana da gawayi mai rage wari da wasu sinadarai, amma nauyinta kusan giram 450, mililita 710 take yi a kowace dannawa, cikinta kuma ana canza shi bayan kusan lita 250, ƙasa da haka a ruwa mai laka. Ga mutum ɗaya tana da kyau, ga mutum uku dannawar za ta gajiyar. MSR Guardian ce aka yi domin irin wannan ruwa: famfon hannu ne mai cire bairos, yana wanke kansa yayin aiki, yana ba da lita 2.5 a minti. Nauyinsa kusan rabin kilo, kuɗinsa kuma ya ninka na Squeeze sau da yawa. Ƙungiyar mutum biyar ko shida, ko mai yawan zuwa manyan koguna, shi ya kamata su duba. Ga mutum ɗaya zuwa uku masu zuwa sau biyu ko uku a shekara, Squeeze da jaka mai faɗin baki, sirinji, bokitin yadi, ɗan ƙullin alam da ƙwayoyin kulorin sun isa, kuma dukansu a haɗe ba su kai nauyin lita ɗaya ta ruwa ba. A saya daga dillalin da aka sani, don akwai jabun matatu a kasuwannin intanet, ido kuma ba ya ganin girman ƙofar zare.

Bayan an dawo gida, a wanke ta ta baya sosai, a tura mata ruwan bilic mai rauni, kada ya wuce murfi ɗaya a lita, a girgiza ruwan ya fita, a bar ta a buɗe ta sha iska kwanaki kafin a adana. Wadda aka jefa a jaka da danshinta za ta yi wari da funfuna. Wadda kuma aka wanke da ruwa mai yawan ma'adini, idan ta bushe ma'adinin yana daskarewa a ƙofofin, ranar tafiya ta gaba a matsa ko ɗigo babu. Maganin wannan shi ne a jiƙa ta a ruwan khal na rabin awa, sannan a tura mata ruwan ɗumi ta baya sau da yawa, ɗumin da hannu zai iya jurewa, kada ya haura digiri 60, domin zafin da ya wuce haka yana lalata zaruruwan. Saboda wannan ne ake fito da ita mako guda kafin tafiya, a jiƙa ta, a tace lita ɗaya ana duba agogo. Idan ta ɗauki fiye da minti biyu a ruwan famfo, a yi mata jiƙon khal tun ana gida.